Ɗan Ƙarfen da ke Wuyana

Bai kai ɗan yatsana tsawo ba,
ƙwallon dabino ma ya fi shi nauyi,
amma kwandon tumatir dubu huɗu na cikinsa,
da bashin mutum goma sha tara,
da sunan wanda yake ce mini "gobe" tun watan Rajab.

A ƙarƙashin gadar Ikeja na sayi filashin nan,
hannun wani yaro mai tire,
ya rantse giga sittin da huɗu ne.
Obiora ya soka a kwamfutarsa, ya kwashe da dariya:
"Malam, takwas ne, sauran yawun baki."
Na ce to, takwas ɗin Allah ya sa musu albarka.

Na zura masa zaren buhu na rataya.
Alhaji Sallau ya gani, ya ce, "Ilu, laya ka koma ɗaurawa?"
Na ce, "Layar kuɗinka ce, ranka ya daɗe."

Kullum bayan la'asar, in Mil Sha Biyu ta lafa,
takalmina duk ruwan ruɓaɓɓen attaruhu,
sai in zare shi daga tsohuwar kwamfutar ofis
mai tarin nan kafin ta tashi,
in hau danfo zuwa Ketu,
shagon Morenike mai firinta.

Gidan kowa nasa ne, ɗan ƙarfen nan,
ba sallama, ba ina mai gida.
Ya kwana nan, ya yi kalaci can,
rannan ya kwaso mini ƙwarƙwata:
takardu duk suka zama inuwa,
ka taɓa, ba kowa.
Dubu biyu Obiora ya karɓa ya yi masa wanka.

Sai ranar ruwan nan da Ojota ta koma kogi.
Kwandasta ya finciki rigata a kan canji,
zare ya tsinke,
na ji ƙas, kwata ta haɗiye.
Na durƙusa, hannu har kafaɗa cikin baƙin ruwan Legas,
masu lema na ratse ni kamar mahaukaci.
Na lalubo marfin kwalba,
na lalubo cokalin roba, da silifa ƙafa ɗaya,
sannan na lalubo shi.

Kwana uku yana kwance cikin kwanon shinkafa.
Kwana uku ina gaida Alhaji da kai a ƙasa.

Dare na huɗu, janareto na kuka, na soka.
'Yar fitilarsa ta ƙifta, ja, ja,
kamar mai farfaɗowa daga suma.
Lissafi na nan, ko sisi bai jiƙe ba.
Sai can ƙasa, wata jakar da ban san da ita ba,
an rubuta: Tanimu.

Direbanmu ne. Bara ya are shi
zai kwashi karatun da zai riƙa ji a hanya.
Shi ne tirelarsa ta kife bayan Mokwa
da kwando ɗari shida, da shi.

Na danna.
Muryarsa, yana gwada sabuwar waya:
"Ana ji? Ana ji na? Kai Ilu, bar dariyar mana!"
Ga ham ɗin mota, ga mai rake na kira,
ga ni can baya, ina dariyar.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Na yi ta maimaitawa har mai ya ƙare.

Da safe na sayi wani, na gaske, a shago mai rasit,
na juye muryar kaɗai a ciki,
na naɗe a takarda, na ba yaron motar
da ke komawa Funtuwa da kwanduna wayam.
Na ce ya kai wa ɗan marigayin,
a soka masa a rediyo, ya ji ubansa na faɗa da ni.

Tsohon yana nan a wuyana, zare biyu yanzu.
Har yau Alhaji na ce masa laya.
Na daina musu.