Mai Auna Ƙanƙara

Ni ne Ignas Wapache, mai auna ƙanƙara.
Gwamnatin Kanada ta ba ni sanda mai lambobi,
da rediyo, da riga mai ƙyalli,
ta ce in tsaya bakin kogi
in faɗi ranar da zai farka.

Kakata Filomen ba ta da sanda.
Takan ce, in ka ji kogi na cizon haƙora da dare,
in dinya ta wuce ba ta sauka ba,
ɗaure kwalekwale a ƙofar gida,
ka kwana da takalmi a ƙafa.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima:
bana ta riga rediyona da kwana biyu.

Jirage sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba,
sun zo kan lokaci.
Kowa jaka ɗaya, in ji mai lasifika,
karnuka a bar su.
Filomen ta zazzage tufafin da na haɗa mata,
ta cusa busasshen nama
da wuƙar jima ta mahaifiyarta.

Ta tagar jirgi na ga garinmu
kamar ƙwarya a cikin kwatarniya,
ƙanƙara, gunduwa-gunduwa, kowace ta kai coci girma,
tana turo ruwa kan ganuwa.

Mako biyar a otal, can kudu.
Ɗaki na ɗari biyu da sha huɗu,
taga ba ta buɗuwa.
Abinci a roba, sai da tikiti.
Lokacin farautar dinya ya zo ya wuce mu a zaune.
Ɗana Rafayel, da ya shekara yana koyon kiranta,
ya riƙa yin kukan a baranda,
har mai shara ta leƙo tana neman tsuntsu.

Da muka koma,
ruwa ya bar sa hannu a bango, daidai ƙirjina.
Fumfuna ta yi fure a katifa.
Firiza cike da naman hunturu guda,
ba mu buɗe ba, muka ɗaure ta da igiya.
A maƙabarta babu gicciye ko ɗaya a tsaye.
Na kakana Zabiye
a reshen itace muka tsinto shi, mil biyu ƙasa.

Jami'a ta zo da sabon takalmin roba da fom.
Ba muguwa ba ce, na ga ta share ido.
Nawa ne gado? Nawa ne murhu?
Na faɗa, ta rubuta.
Filomen ta miƙa mata gicciyen, ta ce wannan fa?
Ta duba gaba, ta duba baya,
babu layinsa a takarda.

An ba mu injin zuƙe ruwa,
an ƙara wa ganuwa kamu uku,
an biya kuɗin katako.
Na gode, ni ba butulu ba ne.
Sai dai mu mutanen Kiri ba mu zaɓi kwarin nan ba.
Jirgin kayan hukuma ne ya ga nan ya fi sauƙin tsayawa,
aka ce mu sauko daga tudu mu yi gari.

Tudun yana nan.
Shekara bakwai ke nan da aka kafa masa turaku,
aka ɗaura jajayen ƙyallaye, aka ɗau hoto.
Alkawari kaya ne, in ji mutane,
amma wannan mu muke ɗauke da shi.
Ƙyallayen sun koɗe sun yi fari.

Jiya da asuba ban ga Filomen a ɗaki ba.
Na bi sawu har sama.
Ta kafa gicciyen Zabiye tsakanin turaku biyu,
ta baje tanti, ta hura wuta,
shayi har ya tafasa.
Ban ce komai ba.
Ta dubi sandar gwamnati a hannuna,
ta auna ta da ido daga sama har ƙasa,
ta ce, miƙo nan,
dirka ɗaya ta rage mini.