Hantar Karfasa

Baffa Ilu ya kawo su da hantsi daga Mai Wurno,
karfasa bakwai, tarwaɗa biyu, cikin ƙanƙara.
Ya ce, "Duba mana, 'yar masunta,
tunda ke kika yi boko."

A ɗakin gwaji na Wad Madani
na sa safar hannu, na tsaga ciki,
na gutsiri hanta, na niƙa, na tace,
na ɗiga a 'yar kwalba.
Inji ya yi ta gunaguni har la'asar.

Sai layi ya miƙe a allo, siriri kamar ƙaya.
Na gane shi:
maganin hawan jini, irin wanda Inna ke haɗiya bayan isha'i.
Na biyu na ciwon kai ne.
Na uku ya ba ni wuya,
sai da na tuna sabulun ƙamshin nan
da ke bin lambatu bayan wanka.

Mun ce ruwa ya tafi da su.
Ashe kogi bai ci ba,
kifi ya ba ajiya.

Kaɗan ne, ƙwayar gishiri a randa dubu,
zan rubuta shi da lambobi.
Amma Baffa na waje kan benci, yana fifita da hula,
ba lamba ya zo nema ba.
"A ci, ko kada a ci?"

Na cire safar hannu.
Na ce ya kawo mini wasu daga can sama, wajen Sinja,
ranar Talata.