Motar da Ta Daina Nisa

Tun da na ajiye aiki, motata ta ajiye nisa.
Daga Runjin Sambo zuwa masallaci,
daga masallaci zuwa rumfar mai tattasai,
da hantsi, makarantar jikoki.
Shayin da na bari a kofi bai gama hucewa ba
na dawo, na kashe ta a gindin dogonyaro.
Ni a zatona hutu nake ba ta.

Ran Talata ta fara tari.
Na lallaɓa ta garejin Jelani, hanyar Kalambaina.
Ya kwance murfin baƙin mai, ya lakato da yatsa,
ya kawo dab da hancina:
wani abu fari-fari, kamar an dama fura da toka.
"Malam Haliru," ya ce,
"wagga mota ba tahiya ta cinye ta ba, zama na."

Tukunya ce, in ji shi,
da kullum ake saukewa kafin ta tafasa.
Raɓa na taruwa a ciki, ba zafin da zai kore ta,
fetur na silalewa ƙasa yana tsinka mai,
yau kaɗan, gobe kaɗan, jibi laka.
Na ce, a Sakkwato?
Garin da sitiyari ke ƙona tafin hannu da azahar?
Ya goge yatsa a tsumma.
"Zahin rana daban, zahin aiki daban."

Muka tsaya gaban kanta.
Galan ja, galan rawaya, galan mai hoton damisa,
can bakin titi yaro da kwalabe marasa suna,
rabin kuɗi, yana yafito ni.
Ni mai kauri na nuna,
wanda ke zuba a hankali kamar zuma,
don haka na ga mahaifina na yi wa tsohuwar fijonsa.
Jelani ya girgiza kai.
Waccan Kano take kwana, ta karya kumallo a Gusau.
Tawa sau takwas ake tayar da ita a wuni,
kuma mai kauri da asuba tsoho ne a kan tabarma:
kafin ya miƙe ya kai sama
ƙarfe ya riga ya gaisa da ƙarfe.

"Ina littahinta?"
Na tono shi ƙarƙashin katunan ɗaurin aure
da takardar inshorar da ta mutu bara.
Ga lambar nan a shafi, shekara goma tana jirana.
Ita muka bi.
Ya duba hatimin murfi, ya sake dubawa,
ya ce a haɗa da sabuwar filta.
Da aka faɗi kuɗin sai da na cire hula
na sosa inda ba ya ƙaiƙayi.

Ya manna takarda jikin ƙofa, ya rubuta kwanan wata.
Kada in ƙirga kilomita, ba ni da su;
in ƙirga tsayuwar wata.
Kuma sau ɗaya a mako in sake mata linzami,
ta yi nisa, ta yi gumi.

Nisa zuwa ina?
Ba ni da saƙo, ba ni da bashi a wani gari.
Sai da na kwanta na tuna Yaya Tumba a Yabo.
Sallah uku ke nan, sai dai waya.

Ran Asabar na wuce Bodinga.
Allurar zafi ta hau tsakiya ta zauna,
muryar injin ta washe
kamar ladanin da ya sha ruwan ɗumi.

Ta fito zaure da zane a hannu, ido waje.
"Wa ya rasu?"
Na ce babu, mota ce ke son tafiya.
Ta dube ni, ta dube ta, ta daɗe.
"To, Allah shi yi ma motar albarka."

Da la'asar ta sa aka cika but da albasa.
Ni ba ta ce mini komai ba.
Bonet ta dafa, ta ce, "Sai wata Asabar."