Asuba Tara

Ƙarfe uku da rabi nake tashi,
tun zakaran gidan Dodong bai tuna da aikinsa ba.
Ƙararrawarmu ta tsage a guguwar bara,
tsohuwar tukunyar gas nake bugawa,
na rataye ta a reshen mangwaro.
Murya ba daɗi, amma tana ƙetare ruwa,
har masuntan Samar kan ce
ta fi matansu iya tashin mutum.

Asuba tara a jere, sannan Kirsimeti.
Wai wanda ya cika su ba fashi
abin da ya roƙa zai gani.
Fada Dionisio ya ce babu wannan a Littafi,
Allah ba ɗan tireda ba ne, balle a yi masa ƙidaya.
Muka ce to, Fada.
Muka ci gaba da lanƙwasa yatsu a ɓoye.

Rana ta uku rigima ta tashi kan taurari,
na gora da takarda, masu lilo a rufin coci.
Milagros ta ce ja, Consuelo ta ce fari.
Shekara ashirin suna waƙa kafaɗa da kafaɗa,
ko kan gishirin miya ba su taɓa shiryawa ba.
Na hau tsani na rataya duka biyun.

Rana ta biyar na buɗe akwatin mutanen yumɓu.
Ɓera ya tare a ciyawar komin dabbobi,
raƙumi ɗaya ba kai,
Yusufu ba hannun dama.
Na liƙa masa da gam, ya ɗan karkace,
yanzu sai ka ce hanya yake tambayar Maryamu.

A bakin ƙofa wainar shinkafa na kan ganyen ayaba,
garwashi sama, garwashi ƙasa.
Ƙamshin kwakwa kan riga wa'azi kaiwa ƙarshe,
yara na cewa amin da cikinsu.

Perpetua kuwa benci na biyu take zama,
gefen taga, daidai inda kwano ke yoyo.
Ɗanta Rodel na aikin jirgin ruwa,
wata goma sha huɗu ba waya, ba saƙo.
Ba ta faɗa wa kowa roƙonta ba.
Ba wanda bai sani ba.

Ni ma da nawa:
gwiwar hagu, da sabuwar ƙararrawa ta tagulla.

Rana ta takwas, benci na biyu wayam.
Zazzaɓi ne, in ji jikarta.
Ruwa na ɗiga a bokiti, ɗis, ɗis,
babu mai matsar da ƙafa.
Na jingine sandar ƙarfe,
na je na zauna a wurin, sanyinsa ya kama ni.
Ban san ko ana rancen asuba ba
yadda ake rancen garin masara a maƙwabta.
Na dai ce, Ubangiji, ga takwas ɗina,
haɗa da bakwai ɗinta,
kai ka fi Fada sanin lissafi.
Gwiwa ta saba da ni.
Tukunyar gas ma ai tana tashin gari.

Yau ta tara.
A keke mai ƙafa uku aka kawo ta, lulluɓe da bargo.
Kafin ta durƙusa sai da ta harare ni:
wa ya ɗaga mini bokiti daga inda na ajiye?

Jirgi bai zo ba. Waya ba ta yi ƙara ba.
An watse, na share kakin kyandir daga bagadi,
taurarin nan biyu na ta gogar juna a iska.
Komin dabbobi ba kowa sai tsakar dare.
Jaririn na aljihun rigata, naɗe da hankici,
shi ma jira yake.