Littafin Awo

Ni tela ce a Aboabo, shagona na jingine da injin niƙa.
Shekara goma sha bakwai ina zagaye ƙugun mata da igiyar awo.
Abin da madubi ya rufa wa asiri,
abin da miji ya ji tsoron faɗa,
yana cikin littafina da jan biro.

Fulera: arba'in da huɗu, watan Rajab.
Ta kawo leshin bikin ƙanwarta, ta ce in yanka a talatin da takwas.
Na ce, da wane jikin?
Ta zuge jaka ta fito da kwalba,
ƙwayoyi kore shar kamar ɗanyen wake,
a jikin takardar wata siririya ta shige ƙafar wando guda tana dariya.
A Kejetiya ta saya, hannun wani mai lasifika,
sidi ɗari da tamanin.
Ya ce, ci abinki 'yar'uwa, kina barci kitse zai narke
kamar man kaɗanya a rana.

Sati uku Fulera na zarya tsakanin ɗaki da makewayi.
Zuciya na dukan uku-uku, barci ya yi ƙaura,
baki ya bushe kamar tukunyar da aka manta a murhu.
Ta dawo idanu sun faɗa. Na auna: arba'in da biyu.
Ta rangaɗa guɗa har mai niƙa ya kashe inji ya leƙo.
Na yi shiru da allura a baki.
Ruwa ne ya fita, ruwa kuwa ya san hanyar gida.
Bayan salla: arba'in da biyar.
Leshin na riga na yanka,
sai ƙyalle na nemo na cusa a gefe, launinsa ma bai zo ɗaya ba.

Barikisu kuwa likita ne ya razana ta da lissafin hawan jini.
Ba ta sayi komai ba sai kambas na gwanjo.
Ana sallame asuba ta kama titi,
Aboabo zuwa Asawase, ta juyo,
yaran toro-toro na dukan ƙofar mota suna kiranta, tana kaɗa kai.
Mata suka ce kuɗin mota ya gagare ta.
Wasu suka ce ai da walakin, a duba gidan.
Malmalar tuwon zafi biyu ta koma ɗaya,
miyar ayoyo ta cika gurbin.
Sukarin koko ya sauko daga cokali uku.
Ta ce min wani dare ƙamshin soyayyar ayaba
ya biyo ta har gado, ta yi ƙwalla.

Wata na fari: babu ko ɗigo.
Na biyu: rabin inci. Ta zagi igiyata har uwarta.
Ta yi fushi ta bar tafiyar kwana tara,
ta ci sakwara da miyar gyaɗa kamar mai ramuwar gayya,
sannan ta sake ɗaura kambas.
A wata na bakwai na rage mata riguna huɗu.
Ba ta zama sanda ba, Barikisu ce dai,
amma ta hau matakalar shagona ba ta dafa gwiwa ba,
ta yi sallama da numfashi guda.

Akwai shafin da ba na nuna wa kowa,
can ƙarshen littafi, inda bango ya fara cin takarda.
Nawa ne.
Ƙafata kaɗai ke tafiya, ita ma a kan keke, ba ta zuwa ko'ina.
A aljihun tebur, ƙarƙashin ƙwaryar zare,
ragowar ƙwayoyin Fulera na nan, sha ɗaya, na ƙirga.
Ƙarƙashin benci kuma kambas ne, lamba arba'in,
Barikisu ta ajiye ba ta ce uffan ba.

Ta ce gobe da asuba za ta buga min taga.
Na rufe shago, na ɗaga kai wajen Manhyia.
Hadari ya ɗan haɗu.
Ban san me zan roƙa ba.