Ɗinkin Bahago

Asabar a Jekadafari, an ɗauke wuta tun hantsi.
Na kwanta rigingine ƙarƙashin tsohuwar motar Baba,
sifana goma a haƙorana.
Noti shida sun kwance lafiya,
na bakwai ya ce bai san zancen ba.
Sai da na shayar da shi baƙin mai ya saki.

Bamba ta sauko hannuna,
mota ta tsaya wangame da baki
kamar tsohon da ya cire haƙoran roba.

Fitilun ƙasa biyu na sayo wurin Obinna,
ya rantse min daidai suke.
Daidai suke kuwa, amma da wata motar:
ramin ya gaza da kaurin yatsa biyu.

Hajjo ta sato zaren ɗinkin uwarta,
muka auna, muka zagaye da allin makaranta.
Babu injin yanka,
sai wuƙar albasa na cusa a kurfoti har ta yi ja.
Roba na narkewa, ƙauri ya tsallaka katanga,
Malam Bappayo ya leƙo yana toshe hanci:
"Kowa ya ƙona rumbunsa,
ya san inda toka ke tsada."

Da na kifa ta don in yanka ɗaya gefen,
can ciki inda ido ba ya kaiwa
sai ga tsaga, tsawon kamu ɗaya,
an ɗinke ta da wayar jan ƙarfe.
Ƙulli goma sha ɗaya,
kowanne an murɗa shi ta hagu.
Baba bahago ne.

Bai taɓa ce mana ya yi karo ba.
Wace rana ce? Hanyar Dukku, ko ta Kumo?
Ya dawo ya ci tuwo, ya tambayi karatunmu,
da muka yi barci ya fito da fitilar ƙwai.
Shekara tara ke nan da rufe shi,
wayar ba ta saki ba.

Layin allina ya bi ta tsakiyar ɗinkin.
Wuƙa ta huce a hannuna.
Na goge layin da yawu,
na matsar da shi gefe.

Bayan isha'i na kunna.
Ta dama ta haska ƙasa yadda ake so,
ta hagu ta ɗaga kai tana leƙen mangwaron Bappayo.
Hajjo ta tuntsire:
"Abba, motar ta zama harara-garke!"
Na ce ta tattara min notunan,
ɗaya ya gangara ƙarƙashin randa.