Ruwan da ke Cikin Iska

Shekara uku ina buga famfon hannu
a bayan sito, nan Asawase,
bugu ɗari biyu kafin allura ta yarda.
Gumina na ɗiga a siminti,
ɓeraye na cikin buhunan masara
suna cin kasuwarsu.

Ranar da kafaɗata ta ce ta gaji
na hau tirotiro zuwa Suwame.

Boakye ya jera mini injin uku a benci.
Na fari ja ne, mai arha, ƙararsa kamar ta injin niƙa,
sai an ajiye masa bokitin ruwa,
in ka manta, ya ƙone kansa.
Na biyu ƙarami, fanka ke masa fifita,
yana cin wutar gida, yana cin batirin mota,
in ya kai inda ka tsayar masa, ya yi shiru da kansa.
Na uku ban ma taya ba.
Na masu nutso a teku ne,
ni kuwa abokan gābana a ƙarƙashin katako suke.

Na ce, wanne ya fi ƙarfi?
Ya yi dariya har giɓinsa ya bayyana.
Ya ce, Gariba, duka ukun suna kai awo ɗari uku.
Bindigarka ɗari biyu take so,
kada ka yi mata gyara, ba awon gero ba ne.

Sai ya shiga ciki
ya fito da tukunyar wata bindiga
da ya raba biyu da zarto.
Waje sumul, baƙin fenti na sheƙi.
Ciki tsatsa ta yi gona,
rami-rami, kamar gara ta ci azara.
Ya ce, mai ita bai taɓa barin ruwan sama ya taɓa ta ba.

Iskar Kumasi jiƙaƙƙiya ce, in ji shi.
Ba ka ganin gishiri na kuka a kwano?
Ba ka ganin riga ta kwana biyu a igiya?
Matse iskar nan sau ɗari uku,
za ta zubar da abin da ta ɓoye
kamar tsumma a hannun mai wanki.

Na ɗauki na biyun, saboda wutarmu mai zuwa da tafiya.
Ragowar kuɗin ya tafi kan wani bututu
mai tsawon kamu ɗaya,
auduga a baki, ƙwayoyi shuɗɗa a ciki.

Zulai ta ce, wannan fa?
Na ce, matata ce.
Ta ajiye ludayi, ta dube ni.
Na ce, ta tace iska, ba ta zaman gida ba.
Har yau ba ta gama yafe mini ba.

Yanzu na san aikin.
Bututun a tsaye, don ruwa ya san ƙasa.
Minti biyar, na murɗa ƙusar amai,
ya tofar da wani fari-fari a kan kwali,
rabi ruwa, rabi mai.
Minti goma sha biyar, na kashe,
na ɗora tafi a kansa kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Ƙwayoyin in sun koma ruwan hoda, sun ƙoshi,
na juye, na zuba sabbi
daga kwalbar da na ɗaure bakinta da roba.

Jiya an yi ruwa tun la'asar,
kwata ta cika har bakin sito.
Na murɗa ƙusar, na tara hannu daga nesa,
feshin ya taru ya zama ɗigo uku a tafina,
masu sanyi.
Na daɗe ina kallonsu.

Can cikin duhu wani buhu ya motsa.
Na shafe hannun a wando,
na kunna tocila.